Na sodiyam, marar ruwa ko na girafin: wane batir zan saro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan sola da inbata a kasuwar Alaba, ina kuma kai wa 'yan uwa kaya a Agege da Mile 12. Da batirin ruwa muke sayarwa, yanzu kowa litiyam yake nema. Kwanan nan masu kawo mana kaya daga Chaina sun fara tallar wasu sababbi: na sodiyam, da wanda suka ce babu ruwa a cikinsa, da na girafin. Mene ne ainihin bambancinsu? In ci gaba da saro LFP, ko in dakata kada kaya su yi mini kwantai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ci gaba da saro LFP ɗinka, wato batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, ba zai yi kwantai nan kusa ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mai neman batir a Legas ba zai zauna jiran fasahar da ba ta iso ba. Na sodiyam ka sa masa ido, in ka samu mai cikakkun takardu ka ɗauki ɗaya ko biyu na gwaji. Marar ruwa na gaskiya bai shigo kasuwa irin tamu ba tukuna. Na girafin kuwa, ɗora shi a sikeli kafin ka biya kuɗi. Dalilan ne za su ɗauke mu lokaci, sai ka yi haƙuri da ni.

Kowane batir mai caji, tun daga na ruwa da ka saba sayarwa har na cikin wayarka, abu uku ne ya haɗa shi. Akwai farantin ɓangaren jan kai, masana na ce masa katod. Akwai na ɓangaren baƙin kai, shi ne anod. Sai ruwan batir a tsakani, tare da wata siririyar leda mai ƙananan huji da ke hana farantan biyu taɓa juna. A batirin litiyam, idan ana caji, ƙwayoyin litiyam suna barin katod, su ratsa ruwan, su shige cikin anod su zauna. In an kunna fanka sai su juyo, wutar kuma ta bi ta waya ta yi aiki. Duk labarin sabon batir da za ka ji, ɗaya cikin ukun nan aka taɓa. Don haka tambayarka ta farko ga mai talla ita ce: me kuka canza, katod, anod ko ruwa? In ya fara kame-kame, to bai san kayansa ba.

Mu fara da katod, don a nan tsadar take, kuma daga nan batir yake samun sunansa. Stanley Whittingham ne ya fara gwada batirin litiyam mai caji a kamfanin Exxon a shekarun 1970. A 1980 John Goodenough, yana jami'ar Oksfod, ya gano katod na litiyam da kobalt. Akira Yoshino na Japan ya haɗa shi da anod na kabon a 1985, Sony ya fitar da shi kasuwa a 1991, su ukun kuma suka raba kyautar Nobel a 2019. Matsalar kobalt tsada, ga shi kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Shi ya sa aka yi ta rage shi ana cike gurbin da nikel da manganis, aka samu NMC. Lambobin da kake gani a bayansa, 532 ko 622 ko 811, rabon sinadaran uku ne a jere: 811 na nufin kashi takwas nikel, ɗaya manganis, ɗaya kobalt. Ƙarin nikel ƙarin wuta ne a kowane kilo, amma ƙarin rashin haƙuri da zafi ne kuma. In irin wannan katod ya kai kusan digiri 200 na Selsiyas sai ya fara sakin iskar oksijin da ke jikinsa. Wutar da ke samar wa kanta oksijin daga ciki ba a kashe ta da bargo ko yashi, abin da ya sa gobarar irin waɗannan batura take da wuyar sha'ani ke nan.

LFP, wato litiyam da ƙarfe da fosfet, shi ma daga hannun Goodenough da ɗalibansa ya fito, a 1997, a jami'ar Tekzas. Babu kobalt a cikinsa, babu nikel. Sinadarin fosforas yana riƙe oksijin gam, ba ya sakin ta cikin sauƙi ko da ya ɗau zafi, kuma ginin ƙwayoyinsa ba ya rugujewa da yawan shiga da fitar litiyam. Daga nan dubban cajin da ake rubuta masa suka samo asali. Da farko an raina shi don wuta ba ta bi ta jikinsa da kyau, sai da aka koyi niƙa shi lukui a kuma shafe kowace ƙwaya da kabon. Rauninsa da ya rage nauyi ne: ƙwayar batirin LFP guda, wato ƙaramin batirin da ake jerawa a cikin akwati, tana ba da bolt 3.2 (3.2V), ta NMC 3.6V zuwa 3.7V, kuma a kilo ɗaya LFP na ɗaukar kamar 160Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa ne) inda NMC mai kyau yake haura 250Wh. Wannan damuwar mai ƙera mota ce da jirgi marar matuƙi. Batirin da zai zauna a ƙasa kusa da inbata shekara da shekaru, ina ruwansa da nauyi? Hasali ma masu motocin kansu sun dawo gare shi, musamman bayan kamfanin BYD na Chaina ya fitar da batirinsa na Blade a 2020. Akwai ƙanensa LMFP da ake ƙara wa manganis don bolt ya tashi zuwa kusan 4.1V, yana tafe, amma manganis ɗin kan narke cikin ruwan batir in da zafi, don haka ban ga abin gaggawa a kansa ba a ƙasa irin tamu.

Wannan bambancin bolt ɗin makami ne a hannunka. Batirin LFP na gaske da ake kira na 12 za ka ga an rubuta 12.8V, ƙwaya huɗu ke nan. In ka ga 11.1V, ƙwaya uku ce ta dangin NMC, ko da an manna masa takardar LFP. A manyan kuma, ƙwaya 16 ke ba da 51.2V, ƙwaya 15 ta ba da 48V. A 100Ah na farko yana ɗauke da 5.12kWh, na biyu 4.8kWh, amma a kasuwa duka biyun 5kWh ake kiransu. Ƙwaya guda aka cire, kuɗin kuwa ba a cika ragewa ba.

Anod na kusan duk batirin litiyam da ke shagonka girafait ne, dangin abin da ke cikin fensir. Kai da kake hulɗa da Agege ka san yadda ake shirya huhun goro, a shimfiɗa ganye a jera goro, a sake shimfiɗa ganye a sake jerawa. Haka girafait yake, shimfiɗa bisa shimfiɗa, litiyam na shiga tsakaninsu ya jeru ba tare da ya yaga komai ba. Ƙwayar zarra shida ta kabon ke riƙe ɗaya ta litiyam, lissafin cajin da yake iya ɗauka ya tsaya a 372mAh kowane giram, kuma masana'antu sun riga sun kusa ƙure wannan iyaka. Shi ya sa ido ya koma kan silikon, sinadarin da ke cikin yashi, wanda ke iya ɗaukar kusan 3,600mAh a giram, kusan ninki goma. Sai dai shi ba jera litiyam yake yi ba, haɗiye shi yake yi, ya kumbura da kusan kashi 300 cikin 100, inda girafait bai wuce kashi 10 ba. Kumbura da motsewa kullum sai ya farfashe. Dabarar da ta yi aiki ita ce a zuba silikon kaɗan cikin ramukan kabon, a bar masa wurin kumbura. Wannan ne sirrin sababbin wayoyin Chaina sirara da ke zuwa da 6,000mAh zuwa sama, irin waɗanda za ka gani a Computer Village. Ci gaba ne na gaske, amma na aljihu ne. A batirin gida, inda tsawon rai ya fi ƙanƙanta muhimmanci, silikon ragi yake yi, ba ƙari ba.

Akwai wani anod da ba a cika tallarsa ba, LTO, mai sinadarin titaniyam, wanda Toshiba ya fitar a 2008. Kusan ba ya kumbura sam, yana cika cikin mintuna, yana kuma jure caji fiye da sau 10,000. Ƙwayarsa 2.3V ce kawai zuwa 2.4V, ga tsada, shi ya hana shi yaɗuwa. Da a ce za a yi motocin haya masu lantarki da za su riƙa caji a kowace tasha tsakanin Ikorodu da TBS, irinsa ne ya dace da su.

Girafin kuwa abu ne na gaske, shimfiɗa guda ce tak ta girafait, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Mancesta a 2004 har suka ci Nobel a 2010. Amma aikinsa a batir bai wuce na garin da ake barbaɗawa kaɗan don wuta ta bi da sauƙi ba. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan batirin girafin, musamman na kekuna da babura masu caji, batirin dalma ne da asid, fasahar Gaston Planté ta 1859, aka ɗan ƙara wa farantinsa kabon. Yana iya fin na dalma zalla karɓar caji da daɗewa, ban musa ba, amma dalma ce dai. Sikeli ba ya ƙarya: dalma na ɗaukar 30Wh zuwa 40Wh a kilo. Batura huɗu na 12V 200Ah sun kai kilo 240 ko fiye, a takarda 9.6kWh ne, amma rabi kawai ake so a sha in ana son su yi ƙarko. LFP na 5.12kWh bai cika wuce kilo 50 ba, kuma kusan duka ake shanyewa. Ka raba wutar da aka rubuta da nauyin akwatin, lambar da ta fito za ta gaya maka ko wane ne a ciki.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka, wato ruwan batir, domin a Legas shi ne ke yanke wa batir kwanansa, kuma shi ne ba wanda yake tambaya a kai.

Ruwan batirin litiyam ba ruwan sha ba ne, ba asid ba ne. Ruwa yana tarwatsewa ya zama iska tun a 1.23V, ba zai jure bolt uku da wani abu ba. Abin da ake amfani da shi wani gishiri ne, LiPF6, narke cikin sinadarai na dangin kabonet masu kama da mai, kuma suna cin wuta. Su ma ɗin ba sa jituwa da girafait mai cike da litiyam. A cajin farko a masana'anta, wani ɓangare na ruwan yana ruɓewa a fuskar girafait ya bar wata fata siririya ƙwarai, wadda Emanuel Peled ya fara bayaninta a 1979, ana kiranta SEI. Ikon Allah, wannan ruɓewar ce ta sa batirin yake aiki: fatar tana barin litiyam ya wuce, tana kuma tare sauran ruwan kada ya ci gaba da ruɓewa. Sai dai ba ta daina kauri. Duk kaurin da ta ƙara, litiyam ta ci, kuma wanda ta ci ya tafi ke nan. In kwastoma ya ce batirinsa da yana kai shi asuba yanzu ƙarfe uku yake mutuwa, mafi yawan lokaci ba faranti ne ya lalace ba, litiyam ɗin da ke kaiwa da komowa ne ya ragu.

Abu biyu ke sa wannan fata saurin kauri: zafi, da zama a cike maƙil. Ƙa'idar da masu ilimin sinadarai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10, saurin irin wannan lalacewa kan kusa ninkawa. Caji sau 6,000 ɗin da kake gani a kwali, a digiri 25 aka auna shi, a ɗaki mai sanyi, da caji a hankali. Ranar Legas ta saba haura 30, kuma lungun da ake cusa batir, ƙarƙashin bene ko shago mai rufin kwano, ga inbata na huro masa zafi, yana iya kaiwa 40. Ga kuma danshi. Gishirin LiPF6 in ya haɗu da ɗigon danshi yana haifar da wani mugun asid, HF, mai cin katod, ya narkar da ƙarfen LFP ya kai shi kan anod ya ƙara ɓata fatar. Ƙwayar da aka rufe da kyau danshin waje ba ya shiga cikinta. Abin tsoro ita ce wadda aka haɗa a masana'antar da ba ta busar da ɗakunanta da kyau ba, ko wadda bakinta ya yi rauni. Ido ba ya ganin wannan ranar saye, sai bayan shekara ka ga ta kumbura.

A nan ne manyan kamfanoni suka yi wa ƙanana nisa. Foda ta LFP kowa na iya saye. Abin da ake ɓoyewa shi ne 'yan sinadaran da ake ɗiga wa ruwan, kashi ɗaya ko biyu cikin 100, irin su VC da FEC, masu sa fatar ta fito siririya mai ƙwari tun farko. Akwai kuma sabon gishiri, LiFSI, da ya fi jure zafi da danshi, ana gauraya shi da tsohon, ko da yake in ya yi yawa yana cin farantin alminiyam. Ƙwaya biyu za su zo da girma ɗaya, bolt ɗaya, 100Ah ɗaya, ɗaya ta shekara goma, ɗaya ta gaza a ta uku, bambancin kuma yana cikin abin da bai cika cokali ba. Don haka in za ka roƙi mai kawo maka kaya takarda guda, roƙi sakamakon gwajin ƙwayar a digiri 45. Masana'antun kirki suna da shi. A ganina ci gaban da zai fi amfanar mu a shekarun nan ba wani sabon suna ba ne, LFP ɗin nan ne dai da ruwan da ya fi haƙuri da zafi.

Kafin nan, yaran da ke yi maka haɗi su kiyaye abin da ke hannunsu. Batir ya samu iska, ya yi nesa da janareta da bangon da rana ke duka. Iyakar ƙwayar LFP 3.65V ce, wato 58.4V a ƙwaya 16, amma ba dole a kai ta can kullum ba. 55V zuwa 56V na cika shi kusan duka ba tare da takura ba, sai dai in littafin batirin ya faɗi wani abu daban. A kashe saitin nan na inbata da ke tafasa batirin ruwa lokaci-lokaci don daidaita shi, litiyam ba ya son sa. Kayan da ke jiran mai saye a sito a bar su da rabin caji. Kuma kada wani ya ce wa kwastoma LFP ba ya kamawa da wuta. Katod ɗinsa ne mai haƙuri, ruwansa iri ɗaya ne da na sauran, ledar tsakiya kuma tana narkewa tun a kusan digiri 130. Yana da wuyar kamawa, in ya kama bai kai NMC hauka ba, amma yana fitar da hayaƙi mai guba da iskar haidurojin.

Wannan ruwa mai cin wuta shi ake son a rabu da shi a batiri marar ruwa, wanda ake rubuta wa solid-state a kwali. A maye gurbin ruwan da ledar da wani abu daskararre da litiyam zai iya ratsawa. Babbar ribar ma ba tsaro ba ce kaɗai. In aka samu shinge mai ƙarfi, ana fatan a jefar da girafait a sa zallar ƙarfen litiyam a anod, mai 3,860mAh a giram. A cikin ruwa hakan ba ya yiwuwa, don litiyam yana tsiro da ƙayoyi sirara da ke huda leda su haɗa farantan biyu. Iri uku ake fafatawa a kansu. Na dangin farar wuta su suka fi sauri. A 2011 Ryoji Kanno da abokan aikinsa a Tokiyo suka fitar da wani mai suna LGPS da litiyam ke gudu a cikinsa kamar yadda yake gudu a ruwa. Amma in ya shaƙi danshi sai ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kisa, sai ka auna wannan da damunar Legas. Na dangin tangaran, irin LLZO da aka bayyana a jami'ar Kiel ta Jamus a 2007, sun fi haƙuri da iska, amma sai an gasa su a sama da digiri 1,000, ga saurin tsagewa. Na dangin roba sun daɗe a kan titi a motocin Bolloré na Faransa, sai dai ba sa aiki sai an ɗumama su zuwa digiri 60 ko 80, kuma a Afrilun 2022 bas biyu masu irin wannan batir suka ƙone a birnin Faris, har aka janye 149 daga aiki. Ka ga rashin ruwa bai zama rashin gobara ba.

Matsalar da ta haɗa su duka mai sauƙin fahimta ce. Ruwa yana bin kowane lungu na faranti ya jiƙa shi. Daskararre da daskararre kuwa sai an matse su da ƙarfi, kuma da faranti ya kumbura ya motse sai rata ta buɗe. Ƙayoyin litiyam ɗin ma an gano suna bin tsagar tangaran su wuce. Toyota ya ce 2027 zuwa 2028 zai fara sa shi a mota, Samsung SDI ya ce 2027. Ko sun cika alkawari, motocin masu hannu da shuni za su fara samu, kuma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abin da ake kawo muku yanzu da wannan suna, in an yi gaskiya, mai rabin ruwa ne: an rage ruwan an mai da shi kamar kamu. Ba laifi ba ne, amma bai kai a ninka masa kuɗi ba.

Na sodiyam ne na ce ka sa wa ido, don shi kaɗai ne a cikin ukun aka yi domin araha. Sodiyam shi ne ke cikin gishirin miya da kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi, kuma ya fi litiyam yawa a ƙasa kusan sau 1,000. Katod ɗinsa ana iya yin sa da ƙarfe da manganis. Ba ya buƙatar farantin tagulla a anod, alminiyam ya isa a ɓangarorin biyu, wanda hakan ke sa a iya sauke shi zuwa 0V a yi jigilarsa lafiya. Ƙwayar sodiyam ba ta zama a girafait, sai aka koma ga wani kabon mai tauri da ake samu ta hanyar gasa kayan itace a sama da digiri 1,000 ba tare da iska ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi yin sa da su ɓawon kwakwa ne, irin wanda ke jibge a Badagry. Kamfanin CATL na Chaina ya nuna nasa na farko a Yulin 2021 da 160Wh a kilo, a Afrilun 2025 ya fitar da Naxtra mai 175Wh, kuma tun farkon 2024 ƙananan motoci masu batirin sodiyam suka hau titi a Chaina.

To me ya hana in ce ka cika shago da shi? Na farko, arahar ba ta tabbata ba tukuna. An zuba kuɗi a sodiyam ne lokacin da tan ɗin litiyam kabonet ya kusa yuwan 600,000 a Nuwamban 2022. Zuwa farkon 2024 ya faɗo ƙasa da 100,000, LFP ya yi arahar da ba a zata ba, sodiyam da ake yi kaɗan-kaɗan ya kasa kamo shi. Kamfanin Natron na Amurka da ya dogara da sodiyam ya rufe a 2025. Na biyu, babban abin alfaharinsa shi ne aiki a sanyin digiri 20 ko 40 ƙasa da sifili. Wannan kyauta ce ga mutanen arewacin Chaina. Ko hunturun Jos bai san wannan ba, balle Ojo. Na uku shi zai fi shafar ka kai tsaye. Bolt ɗin LFP a kwance yake, yana nan wajen 3.2V zuwa 3.3V kusan daga cika har ƙarewa. Na yawancin ƙwayoyin sodiyam gangara ne, daga kusan 4V har ƙasa da 2V. Inbatocin da ke shagonka an ƙera su ne don dalma da litiyam, na 48V suna ɗaukewa in bolt ya sauko wajen 40V zuwa 42V. Sai inbata ta kashe kanta alhali da sauran wuta a batir, kwastoma ya dawo ya ce ka cuce shi. In za ka gwada, nemi a rubuta maka mafi ƙarancin bolt da mafi yawansa, da irin katod ɗin. Mai dangin fosfet, wanda ake rubuta wa NFPP, bolt ɗinsa ya fi kwanciya kuma ya fi tsawon rai, shi ya fi kama da abin da gida ke buƙata. Ka haɗa shi a gidanka ko a shago ya ga zafin Maris da damuna guda kafin ka sayar wa kowa.

Za ka kuma ji labarin batirin litiyam da farar wuta, mai 1,675mAh a giram a lissafi. Farar wutar na narkewa cikin ruwan ta yi ta yawo tsakanin farantan, batirin ya mutu da wuri. Kamfanin Oxis na Ingila ya shekara da shekaru a kansa ya durƙushe a 2021. Bar shi ga masu jirage marasa matuƙa.

Wani zai ce ai muna da litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara, har an buɗe masana'anta a Nasarawa a Mayun 2024, me zai hana batir ya yi araha? Abin da ake yi a can niƙa dutse ne da tace shi a ɗora a jirgi. Daga nan sai an mai da shi litiyam kabonet mai tsarkin kashi 99.5 cikin 100, sannan a yi fodar katod, a yi ruwa, a yi leda, a haɗa ƙwaya a busasshen ɗaki, kuma kusan duk waɗannan matakai a Chaina suke. Dutsenmu na fita ta Apapa, ya dawo ta Apapa a cikin akwati da kuɗin dala. Abin da ake kira haɗin gida a Legas jera ƙwayoyin da aka shigo da su ne a sa musu BMS, allon nan mai kula da caji. Sana'a ce mai kyau in ƙwayoyin sababbi ne kuma an auna su sun yi daidai da juna. Wanda nake tsoro shi ne fakitin da ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyi masu siffar batirin tocila, da ake kira 18650, da aka ciro daga batirin kwamfuta, dangin kobalt da NMC, kowace da shekarunta, a naɗe da salatif a sayar wa mai shagon caji.

Saura tsofaffin baturan ruwa da kwastomomi ke baro maka in sun koma litiyam. Yawancin masu sayensu 'yan uwanmu ne 'yan gwangwan, kuma na sha ganin ana fasa su da guduma a zubar da asid ɗin a kwata don a rage nauyi. Ƙurar dalma ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma tana bin tufafi ta isa gida wurin yara. Ka sayar da su a rufe da ruwansu, ga mai kai su masana'anta kai tsaye. LFP da ya mutu kuma babu kobalt ko nikel a cikinsa da zai sa ɗan gwangwan ya biya kuɗin kirki, don haka zai fasa ne ya ciri tagulla da alminiyam ya watsar da saura, kuma ƙwayar da ke da sauran caji in aka sare ta tana iya kamawa. Tun yanzu ka sa a cikin cinikinka da mai kawo maka kaya cewa zai karɓi matattun, ka kuma rubuta lambar kowane batir da ranar da ka sayar da shi a littafin shago.